Jakar Rataye 'Yar Dizaina: Ta Ci Kuɗinta Kuwa?

   

Darasinmu na wannan fitowa wata ƙanwata ce ta jawo shi. Malamar makaranta ce, saura wata guda ta kwashi adashi. Bayan an tashi daga karatu sai ta ja ni gefe ta nuna mini hoton wata jaka a wayarta, irin wadda ake ratayawa a kafaɗa a tafi aiki ko asibiti ko gaisuwa, ba irin ta amare mai ƙyalƙyali ba. Mai sayarwa ta rantse mata cewa orijina ce, daga Dubai aka zo da ita, kuɗinta kuwa zai cinye adashin kaf har da ciko. Sai ta ce da ni: "Anti, don Allah ki gaya mini tsakaninki da Allah, in saya ko in haƙura? Wallahi na gaji da jakar da wata uku sai ta fara ɗayewa, in shiga cikin mutane ina ɓoye ta a ƙarƙashin hijabi."

Kukanta gaskiya ne, kuma kuɗin da take shirin kashewa guminta ne na wata goma. Na san da yawa daga cikinmu sun taɓa tsayawa inda ta tsaya. Don haka ki gyara zama, 'yar uwa, mu bi maganar daki-daki, a ƙarshe ke da kanki za ki yanke hukunci.

Wace ce jakar dizaina?

Idan aka ce dizaina, ana nufin kayan wani kamfani da ya yi suna a harkar ado, har ya zama sunan nasa kaɗai yana ɗaga farashi. Su ma sahu-sahu ne. A sahun farko akwai tsofaffin gidajen Turai: Hermès da aka kafa a Faris a 1837, da Louis Vuitton a 1854, sai Prada a 1913 da Gucci a 1921, su biyun a Italiya, sannan Chanel. Jakar rataye ta yau da kullum a wurin waɗannan galibi daga Dala 1,500 take farawa ta yi sama. A sahu na biyu akwai irin su Coach da Michael Kors na Amurka da Longchamp na Faransa, waɗanda yawancin jakunkunansu ba su wuce 'yan ɗaruruwan Dala ba.

Ita kanta jakar rataye don sauƙi aka yi ta. A watan Fabrairun 1955 Coco Chanel ta fitar da wata jaka mai doguwar sarƙa, domin mace ta rataya ta samu hannuwanta biyu ta yi abin da ke gabanta. Shi ya sa ake kiran jakar 2.55, wato wata na 2, shekara ta 55. Ki riƙe wannan: jakar rataye baiwarki ce, aiki za ta yi miki. Duk ranar da ya zama ke ce kike yi mata bauta, to ciniki ya ɓaci.

Abubuwa uku da kuɗinki ke saya

Duk jakar da kika biya, kuɗinki kashi uku ya rabu. Na ɗaya kayan da aka yi ta da su: fata ko yadi, zif, ƙarafa, zare da shafi. Na biyu aikin hannu: yanka da ɗinki da haɗawa. Na uku suna. A jakar kasuwa na ɗaya da na biyu ne suka fi cin kuɗin. A jakar dizaina kuwa na uku ne ke kwashe kaso mafi tsoka.

Ga hujja. A shekarar 2024 wata kotu a birnin Milan ta binciki wasu ƙananan masana'antu da ke yi wa manyan kamfanoni ɗinki. Takardun binciken sun nuna akwai jakar Dior da ake biyan masu haɗa ta Yuro 53, a shago kuma a sayar da ita Yuro 2,600. A yi adalci, kuɗin fata ba ya cikin wannan 53 ɗin, kuma kotun ta janye sa idon da ta ɗora wa reshen kamfanin a farkon 2025. Amma dai tazarar ta ishe mu darasi.

Ga wata kuma. Kamfanin LVMH, wanda shi ne uwa ga Louis Vuitton da Dior, ya sanar da cinikin sama da Yuro biliyan 86 a shekarar 2023. Abin da ya kashe wajen samar da dukkan kayan da ya sayar bai kai biliyan 27 ba, alhali talla da hidimar shaguna sun ci kusan biliyan 31. Kin gani? Sayar da kayan ya fi yin su tsada. Ke mai saye, ke kike biyan hayar shagon da ke tsakiyar Faris, ke kike biyan 'yar fim ɗin da aka ɗauka hoto riƙe da jakar.

Wannan ba ya nufin jakar dizaina ba ta da kyau. Da yawa daga cikinsu ɗinkinsu tsaf ne, ƙarafansu ba sa saurin koɗewa, kuma suna jimawa. Abin lura shi ne ƙarko ba ya ninkawa yadda farashi ke ninkawa. Jakar da ta ninka wata sau talatin a kuɗi ba za ta ninka ta sau talatin a shekaru ba.

Ba duk mai sheƙi ce fata ba

Nan ne ciwon ƙanwar tawa yake, domin jakunkunan da ke ɗaye mata tun asali kallon kitse take yi wa rogo. Abin da ake kira fata a kasuwa iri huɗu ne.

Na farko, cikakkiyar fata, wato saman fatar dabba yadda yake, ba a kankare shi ba. Za ki ga 'yan ƙofofin gashi da ɗan tabo nan da can, ba ta zama bai ɗaya kamar leda. Ita ce mafi ƙarko, kuma tana ƙara laushi da kyau idan ta tsufa.

Na biyu, fatar da aka tsaga ko aka kankare, aka shafe ta da fenti ko roba, aka buga mata zane da inji. Fata ce, amma ba ta kai ta farko ba. Rubutun "genuine leather" da kike gani a jikin jaka yana nufin akwai fata a ciki kawai, bai faɗi darajarta ba.

Na uku, garin fata. Ragowar yanke-yanke ake niƙawa a kwaɓa da gam a shimfiɗa a kan yadi. Tana ƙanshin fata, amma ba ta daɗewa take tsagewa.

Na huɗu, roba zalla, wadda ake rubuta wa PU. Yadi ne aka shafa wa roba a sama. Zafi da laima suna cinye wannan robar a hankali, ko an yi amfani da jakar ko ba a yi ba. Shi ya sa amarya za ta adana jakunkunan lefe a akwati, bayan shekara biyu ta buɗe ta tarar suna saɓa kamar maciji. Ba ɓera ba ne, ba kuma sammu ba, halin robar ke nan.

To ga abin da mata da yawa ba su sani ba. Shahararriyar jakar nan ta Louis Vuitton mai ruwan ƙasa da haruffan L da V, wadda aka ƙirƙiro zanenta tun 1896, jikinta yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da roba. Hannunta da gefunanta ne kawai fatar saniya, ita ma marar rini ce, tana duhu da gumin hannu, kuma ɗigon ruwa kan bar mata tabo. Haka yawancin na Gucci masu haruffan G biyu, yadi ne shafaffe. Prada kuwa da jakar nailan ta yi tashe tun shekarun 1980. Waɗannan yadikan sun fi PU ƙarfi nesa ba kusa ba, amma idan kusurwa ta tsage babu baduku da zai mayar da ita yadda take. Saboda haka wadda ta ce za ta sayi dizaina don tana son fata, sai ta fara tambaya ko akwai fatar ma.

Mu zauna mu yi lissafi

A farkon 2023 Dala ɗaya wajen Naira 460 take a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura Naira 1,500. A wannan canjin, jakar Dala 1,500 ta tashi a Naira 2,250,000, ban da kuɗin kawowa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Wato jaka ɗaya ta lashe albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 32, bai ci ba bai sha ba.

Hanyar gane tsada ita ce ki raba kuɗin abu da shekarun da zai yi miki aiki. Bari in ba ki misali, ke kuma sai ki cire lambobina ki sa farashin kasuwarku.

A ce jakar roba Naira 15,000 ce, tana yin wata 6. A shekara kin kashe 30,000.

A ce jakar cikakkiyar fata marar suna Naira 70,000 ce, kin ƙara 10,000 na canjin zif da gyaran hannu, ta yi shekara 5. A shekara kin kashe 16,000.

A ce 'yar sahu na biyu ce ta Dala 300, wato Naira 450,000, ta yi shekara 6. A shekara kin kashe 75,000.

A ce 'yar sahun farko ce ta Naira 2,250,000, ta yi shekara 10 cif. A shekara kin kashe 225,000.

Me kika lura? Abu na farko, magabata sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado: ta robar nan da ake ganin sauƙinta ta kusa ninka ta fata tsada. Abu na biyu, kafin 'yar sahun farko ta sauko daidai da ta fata marar suna, sai ta yi miki aiki shekara 140. Ashe riba tana tsakiya, ba ta ƙasa ba ta can sama.

Wai kadara ce?

Masu talla sukan ce, "Hajiya, ai wannan ajiya ce, kuɗinta ƙaruwa yake." Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Matsakaiciyar jakar Chanel mai marfi da ake sayarwa Dala 5,800 a Amurka a 2019 ta kai Dala 10,800 a 2024. A watan Yulin 2025 kuma an yi gwanjon jakar Birkin ta farko, wadda Hermès ya yi wa Jane Birkin, a kan kusan Yuro miliyan 8.6 a Faris.

Sai dai ki lura da kyau. Waɗannan 'yan tsiraru ne, irin waɗanda ake ajiyewa a kwali, ba a shiga a-daidaita-sahu da su. Kuma tashin farashin sabuwa a shago daban, abin da za a ba ki a kan taki tsohuwa daban. Jakar yau da kullum, wadda za ta sha rana, ta sha biro, yaro ya zuba mata lemo, daga ranar da kika rataya ta darajarta ta fara sauka. Sannan wa zai saya a hannunki? Dillaliya za ta zagaya da ita gida goma, kowa ya ce wa ya sani ko jabu ce. Ki kwatanta da gwal: ki kai shi kasuwa ko a wane gari, a ɗora a sikeli, a biya ki kuɗin giram na ranar. Iyayenmu da suka riƙa adana kuɗinsu a ɗan kunne da tunkiya da fili ba su yi wauta ba. Idan ajiya kike nema, ki nemi abin ajiya. Jaka kayan amfani ce.

Maganar jabu

Yanzu mu koma kan hoton da aka nuna mini. Ƙungiyar OECD, a rahoton da ta fitar a 2021, ta ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2019 a kan Dala biliyan 464, wato kashi 2.5 cikin 100 na cinikin duniya, kuma jakunkuna suna cikin kayan da aka fi kamawa. Masu yin jabu sun ƙware, har kwali da rasit da kati suke bugawa.

Ga wasu abubuwa da za su taimake ki. Louis Vuitton ba ya ba kowa sari, ba ya yin ragin farashi, a shagunansa da shafinsa na intanet kawai yake sayar da sabuwar jaka. Ba ya kuma bayar da katin shaida, don haka katin da aka nuna miki shi ne ma abin zargi. Daga 2021 shi da Chanel sun koma saka wata 'yar na'ura a jikin jaka maimakon tsohuwar hanyar lamba. Rubutun "Made in Italy" kowa na iya bugawa. A ɗaya gefen kuma, Coach na gaske ana ɗinka shi a ƙasashe irin su Biyetnam da Kambodiya, ganin sunansu ba alamar jabu ba ce. Kalmar "daga Dubai" ba shaida ba ce, domin a Dubai akwai shagunan kamfanonin na ainihi, akwai kuma lungunan da ake sayar da kwafi. Babbar alama dai ita ce farashi. Duk wadda ta ce za ta ba ki sabuwar jakar miliyan biyu a kan dubu ɗari uku, ta riga ta gaya miki gaskiya, ke ce ba ki saurara ba.

Wadda ta biya kuɗi mai yawa a kan jabu ta yi asara biyu: ba ta samu sunan ba, ba ta samu ƙarkon ba, domin yawancinsu PU ne. Masu tafiya Turai kuma su sani, a Faransa kwastan na ƙwace jabun kaya a hannun matafiyi, har da tara.

'Yan uwana masu sana'ar saye da sayarwa, ku ma ga naku. Sana'arku halal ce, Allah Ya sa albarka. Amma sayar da kwafi da sunan orijina algus ne, kuma addininmu ya haramta algus, balle a haɗa da rantsuwa. Ki faɗi abin da kaya yake, ki ci ribarki mai tsarki. Ke kuma mai saye, ki tambayi zuciyarki: jakar nake so, ko so nake a ɗauka ina da abin da ba ni da shi? Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A kula da fatar alade

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ana amfani da fatar alade a wasu jakunkuna da takalma na waje, musamman wajen shafin ciki, saboda laushinta da sauƙin kuɗinta. Manyan kamfanoni ma sun yi aiki da ita, Gucci ya yi suna da ita tun shekarun 1940. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, suna kan cewa jima ba ya tsarkake fatar alade. Jaka kuwa abokiyar tafiya ce, a ciki muke sa carbi da ƙaramin Alƙur'ani, wani lokaci ma da ita a kafaɗa ake ɗawafi.

Gane ta ba wuya. Ki kai fatar wurin haske ki duba ƙofofin gashi. Na alade manya ne, kuma uku-uku suke zama kusa da juna kamar duwatsun murhu. Ki karanta takardar jikin jaka, idan kin ga "pigskin" ko "porc", ki ajiye. Abin da ya shige miki duhu game da sauran fatu, ki tambayi malamai.

Fatar ma daga gidanmu take

Abin da zai ba ki mamaki, 'yar uwa, shi ne ƙasarmu tana cikin masu ciyar da wannan kasuwa. Fatar jan akuyar Sakkwato, da 'yar uwarta ta Maraɗi, tana cikin fatun akuya mafi daraja a duniya saboda laushi da ƙarfi. Tun zamanin fatake ake ɗaukar jemammiyar fatarmu a raƙuma a ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a Arewacin Afirka, har suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafai bango da ita. Har yanzu masana'antun jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, suna fitar da fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen, ƙasashen da ake ɗinka da yawa daga jakunkunan da muke magana a kansu. A Zariya ma akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin kimiyyar fata.

Majemanmu na gargajiya suna nan suna jima da bagaruwa, dukawa suna nan a Kano da Sakkwato da Damagaram da Naraguta ta Jos, ga kuma matasa, ciki har da mata, da suka koyi ɗinkin jaka na zamani. Gaskiya ɗaya ce, ba duk aikin gida ne ya kai ba. Wani fatarsa ba ta jemu sosai ba sai ta riƙa wari da damina, wani rininsa yana zuba, wani ya yi aiki mai kyau ya ɓata shi da zif mai araha. Amma waɗannan aibobi ne da ido ke gani, kuma mai ɗinkin yana kusa, za ki iya mayar masa ya gyara. Ki kai masa samfurin da kike so, ki sayo zif da ƙarafa masu kyau da kanki, ki ce kada ya manna miki sunan kowa.

Yadda za ki duba jaka kafin ki biya

Ko mai suna ce ko marar suna, ki bi waɗannan:

1. Ki duba bakin yanka, inda ba a naɗe ba. Fata ta gaske za ki ga zare-zarenta kamar gashi, roba kuwa za ki ga yadi ko soso a bayanta.

2. Ki danna da yatsa. Fata tana yin 'yan ƙananan tamoji ta koma, roba tana lotsawa sumul.

3. Ki bi ɗinki da ido, musamman inda maratayi ya haɗu da jiki, domin nan ne jaka ke fara mutuwa. A samu ɗinki ninki biyu ko ƙusa.

4. Ki ja zif sau goma. Idan ya sarƙe a shago, a gida sai abin da ya ƙaru.

5. Ki goga farin ƙyalle mai ɗan laima a wani lungu. Idan ya ɗauko launi, haka zai yi wa hijabinki.

6. Ki ɗaga ta babu komai a ciki. Jakar da ta yi nauyi tun tana wofi, idan kika zuba waya da caja da makullai da kayan yaro, wuya da kafaɗa ne za su biya. Maratayi mai faɗi ya fi siriri ko sarƙa, kuma ki riƙa sauya kafaɗa.

7. Ki gwada ta da hijabin da kike sawa. Wani maratayin zamewa yake a kan yadi mai santsi. Ki zaɓi mai zif a sama saboda masu yankan aljihu.

Kula da ita

Jakar kirki ma sai da kulawa. Kada ki adana ta a leda, domin da damina za ta yi fumfuna. Ki cusa mata takarda marar rubutu, ki sa ta a tsohuwar rigar filo. Da hunturu fata tana bushewa kamar fatar jikinmu, sai ki ɗan shafa mata man fata marar launi. Ki nisanta ta da humra da turaren fesawa da sabon lalle, tabonsu ba ya fita. Jaka mai haske kuma kada ta goga da sabuwar shadda ko baƙin yadi mai zuba. Idan ruwa ya dake ta, ki goge ki bar ta ta sha iska a inuwa, ban da rana, ban da kusa da wuta.

To, a saya ko a haƙura?

Ado halal ne, kuma wadda Allah Ya hore wa babu laifi a ga alamar ni'ima a jikinta. Wadda aka kawo wa tsaraba ko ta zo mata a lefe, ta yi godiya ta rataya abarta. Mu kuma kada mu bi ta da harara ko zargi. Abin da aka hana mu shi ne almubazzaranci da riya, kuma almubazzaranci gwargwadon hali ne: abin da yake ƙaramin kashewa a wurin wata, a wurin wata jarinta ne gaba ɗaya.

A ganina jakar dizaina ta yau da kullum ta ci kuɗinta ne kawai idan sharuɗɗa huɗu sun cika. Na ɗaya, kuɗin rara ne, babu bashi, ba a taɓa kuɗin makaranta ko na magani ko jari ba, an kuma sauke zakka da haƙƙin mutane. Na biyu, kin tabbatar da inda ta fito. Na uku, da za a cire sunan da ke jikinta, za ki so ta duk da haka. Ki tuna jakar da rabin rayuwarta a ƙarƙashin hijabi za ta yi, wa ma zai karanta sunan? Na huɗu, idan aka fizge ta gobe a bakin titi za ki yi inna lillahi ki ci gaba da harkarki, ba ki kwanta jinya ba. Idan ɗaya ya faɗi, ki haƙura, ba ki rasa komai ba.

Ita ƙanwar tawa, sharaɗi na ɗaya da na biyu ne suka kayar da ita, domin sai ta ci bashin ciko, kuma farashin kansa ya nuna kwafi ce. Shawarar da na ba ta ita ce ta cire kaso kaɗan ta sa a ɗinka mata baƙar jakar fata mai faɗin maratayi, wadda za ta shiga da kowane kaya, sauran kuma ta sa a abin da zai haihu. Iyaye mata ma ina roƙonku, a sassauta wa samari a maganar lefe. Jaka biyu masu ƙarko sun fi shida da za su saɓa a akwati.

Tambayoyin bita

1. Lissafa kashi uku da kuɗin jaka ke rabuwa. Wanne ne ke amfanar mai rataya ta kowace rana?

2. Ɗauko jakar da kike riƙewa yanzu. A cikin iri huɗun nan, wace ce? Nawa take ci miki a shekara?

3. Idan ƙawarki tana sayar da kwafi da sunan orijina, ta yaya za ki yi mata nasiha ba tare da kin kunyata ta ba?

A nan za mu dakata sai fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa, kuskurenmu kuma Ya yafe mana. Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa albarka a cikin abin da muka samu, Ya raba mu da bashi da ƙaryar arziki, amin.